Yadda mai algaita ke busa ba yankewa, da yadda mai turamfet zai koya

Wani matashi da ke busa turamfet a badujalar makarantarsu ya aiko min da tambaya. Ya ce a hawan sallar bana ya tsaya dab da wani mai algaita, ya ƙura masa ido har tawagar hakiminsu ta wuce, bai ga ya cire algaitar daga baki ya ja numfashi ko sau ɗaya ba, kuma sautin bai yanke ba. Abokinsa ya ce masa asiri ne na gado. Shi kuwa yana so ya san yadda ake yi, ko zai yiwu a turamfet, da kuma ko gaskiya ne abin yana lalata kumatu.

Ƙanena, ka yi kallo da kyau, sai dai akwai inda idonka bai kai ba. Mai algaitar nan yana numfashi, har ya fi ka yawan jan numfashi a lokacin da kake tsaye kana kallonsa. Ta hanci yake ja, kaɗan-kaɗan, da sauri. Abin da ya gada a gidansu horo ne da aka fara yi masa tun yana yaro, kuma duk wanda Allah ya ba lafiyar hanci da haƙuri zai iya koyonsa.

Turawa suna kiran wannan dabara da sunan da ke nufin numfashi mai kewayawa, kuma sunan ya ɓatar da ɗalibai da yawa, don sai mutum ya ɗauka huhunsa ne zai riƙa shaƙa yana fitarwa a lokaci guda. Hakan ba ya yiwuwa. Hanyar huhu ɗaya ce, ko iska tana shiga ko tana fita. Ni na fi son in kira abin numfashin zuga-zugi. Je ka maƙera ka tsaya a kan yaron da ke zuga. Fatu biyu ne a gabansa, in ya danna ta dama ta hagu na cika, in ya danna ta hagu ta dama na cika. Kowace fata tana samun hutu, wutar kuwa ba ta rasa iska. Mai busa ma fatu biyu gare shi. Babbar ita ce huhu, ƙaramar ita ce baki, wato kumatu da harshe da muƙamuƙi. Yawancin lokaci huhu ne ke aiki. Kafin ya ƙare sai a ɗan bar iska ta taru a baki, a rufe bayan bakin, a matse iskar da ke ciki ta ci gaba da shiga abin busa, a daidai wannan ƙiftawar ido a ja sabuwar iska ta hanci zuwa huhu, sannan a buɗe bayan bakin huhu ya karɓi aikinsa.

Bambancinmu da maƙeri shi ne fatunsa girmansu ɗaya, namu kuwa ko kusa. Huhun babban mutum namiji yana ɗaukar kusan lita 6 in ya cika maƙil, numfashin da muke ja muna zaune kuma wajen rabin lita ne. Baki kuwa, ko ka kumbura shi iya kumburi, da ƙyar ya cika kofin shayi. Wannan 'yar iskar ba za ta riƙe maka sauti fiye da daƙiƙa ɗaya ko makamancin haka ba. Saboda haka jan numfashin dole ya zama gajere, irin wanda kake yi in ana toya wani abu a maƙwabta kana so ka gane mene ne.

Ƙofar da ake rufewa tana can bayan baki, inda tushen harshe ke haɗuwa da ɓangaren ganɗa mai laushi, kusa da beli. Bahaushe yana rufe ta yana buɗe ta sau ɗaruruwa a yini bai sani ba. Ka ce "ganga" a hankali, ka tsaya a kan "n" ɗin tsakiya, ka ja shi. Za ka ji bayan harshenka ya manne a sama, sautin yana fita ta hanci, bakinka kuma ya zama ɗaki daban da babu ruwansa da maƙogwaro. Wannan shi ne zaman harshe a lokacin shaƙa. In ka saki "ga" na ƙarshe, ƙofa ta buɗe, huhu ya dawo. Duk lokacin da ɗalibi ya rikice, nan nake mayar da shi.

Ka fara da ruwa, ka ajiye turamfet tukuna. In kana alwala ka guntsi ruwan kurkure baki, ka riƙe shi, ka ci gaba da numfashi ta hanci. Ba ka shaƙe ba, ruwan kuma bai gangara maƙogwaro ba, don ƙofar nan a rufe take. Yanzu ka fita tsakar gida, ka tsuke leɓe, ka tsirto ruwan siriri kamar zare, ka riƙa jan numfashi ta hanci yana fita. A ranar farko jikinka zai ƙi. Ko ruwan ya tsaya in ka shaƙa, ko shaƙar ta tsaya in ka tsirta. Ƙwaƙwalwa ce ta saba cewa in abu yana fita ta baki to numfashi ma fita yake, kuma wannan sabon nake so ka karya. In ya gagara, ka danna kumatunka da yatsu su yi maka matsar, kai ka kula da hanci kawai. Bayan kwana biyu ko uku sai ka janye yatsun.

In ruwa ya zauna, ka koma iska. Samo ƙwanson biro ka cire abin tawadar, ka zuba ruwa rabin kofi, ka tsoma bakin ƙwanson ka busa har kumfa ta riƙa ɓulɓulowa. Ka zaɓi ƙwanso mai ƙaramar kafa, ko ka toshe rabin kafar, domin ƙuncin hanya shi ne abokinka a nan: iskar baki za ta daɗe ba ta ƙare ba. Kofin yana gaya maka gaskiya, don da zarar iska ta yanke kumfa ta tsaya, idonka ya gani.

Mutane da yawa suna kaiwa nan cikin mako guda, sai su ɗauka sun iya. Wahalar tana gaba, a wajen miƙa aiki daga huhu zuwa baki, da dawo da shi daga baki zuwa huhu. Na farkon yana da sauƙi-sauƙi. Na biyun shi ne ke cin watanni. Ɗalibi yakan jira sai kumatunsa sun lotse gaba ɗaya sannan ya buɗe ƙofa, sai a sami 'yar tazara, kumfa ta tsaya, ko kuma iskar huhu ta faɗo da ƙarfi sautin ya yi tsalle. Maganinsa shi ne huhu ya riga ya shirya tun ƙofa na rufe. Da ka gama shaƙa, ka ɗaure ciki ka tara ƙarfin iska a bayan harshe, ka sake shi a hankali alhali da sauran iska a baki, yadda na ɗan lokaci fatu biyun za su yi zuga tare. Masu tseren miƙa sanda haka suke yi, mai karɓa yana fara gudu tun mai miƙawa bai iso ba. Ma'aunin ƙwarewa a wannan sana'a ɗaya ne: mai sauraro ya rufe ido ya kasa gane inda ka shaƙa.

Kuskure na biyu shi ne jira sai numfashi ya kusa ƙarewa. In huhu ya kwashe, jiki yana firgita, maƙogwaro ya ƙanƙame, kafaɗu su ɗaga, kuma 'yar shaƙa ɗaya ba za ta biya bashin ba. Ka shaƙa tun kana da kusan rabin iskarka, ka riƙa ƙarawa a kai a kai. Abin da mai algaitar da ka gani yake yi ke nan, shi ya sa fuskarsa take a natse.

Yanzu sai maganar turamfet, kuma dole in gaya maka gaskiya: aikinka ya fi na mai algaita wuya ta wata fuska. Algaita kamar don wannan numfashi aka ƙera ta. Ɗan karan da ke kaɗawa ya fitar da sauti yana shigewa cikin baki gaba ɗaya, leɓe ba ya matse shi, leɓɓan suna jingine ne da faifan da ke jikin bututun. Kumatu na da 'yancin kumbura su lotse yadda suka ga dama, sautin bai damu ba. Ƙari a kan haka, kafar karan ƙarama ce ƙwarai, iskar da take sha kaɗan ce, sai dai tana son ƙarfi. Haka danginta suke a ko'ina. Sunan ma daga Larabcin Arewacin Afirka ya zo, inda ake busa gaita a Maroko, ga mizmar a Masar, ga zurna a Turkiyya, ga sona a ƙasar Sin, dukkansu da irin wannan numfashi ake busa su. A turamfet kuwa leɓɓanka su ne karan. Su ne ke kaɗawa, kuma naman gefen baki ne ke riƙe da su. In ka saki kumatu suka kumbura irin na mai algaita, sai su ja gefen bakin, kafar leɓe ta canza, sautin ya karkace ko ya mutu.

Don haka mai turamfet yana ajiye iskarsa a wani wuri daban. Gefen baki ya tsaya daram yadda malaminka ya koya maka. Ka bar bayan kumatu kawai ya ɗan cika, ka sauke muƙamuƙi da tsakiyar harshe kamar za ka ce "o". In lokacin matsa ya yi, harshen ya taso gaba kamar kana juya "o" zuwa "i", ya turo iskar yadda allurar likita ke turo ruwa. Harshe ya fi kumatu ƙarfi da iya awo, kuma wasu ƙwararrun in ka kalle su da ƙyar za ka ga kuncinsu ya motsa. Ka fara da bakin turamfet shi kaɗai ba tare da jikin ba, ka nemi ƙarar leɓe ta tsaya da iskar baki kawai, ko da rabin daƙiƙa ne. Sannan ka haɗa, ka zaɓi sauti na tsakiya wanda ya fi maka sauƙi, ka busa shi ba da ƙarfi ba. Kada ka taɓa sautukan sama tukuna, don ƙarfin iskar da suke so ya fi abin da bakin ɗan koyo zai iya bayarwa. Na can ƙasa kuma suna shan iska da yawa, baki ya ƙare nan take. Wannan dalilin ne ya sa masu manyan ƙahonin tagulla na badujala suke shan wuya da dabarar, haka ma mai sarewa, wanda iskarsa ba ta da abin da zai tokare ta.

In kana da waya, ka sauke manhajar auna sauti ka ajiye a gabanka. Za ka ga allurar tana rawa a daidai inda ka shaƙa, galibi ta faɗi in bakin ya gaza, ko ta haura in ka matsa fiye da kima. Minti 10 a rana ya isa, kuma ya fi awa biyu a ranar Asabar. Akwai kuma wata dabara da nake so ka riƙe: sauti ɗaya dogo shi ne wuri mafi wuya da za a ɓoye shaƙa, don kunne ba shi da abin yi sai sauraron aibinsa. In yatsu suna gudu a kan maɓallai, ko kana kaɗa sautuka biyu da sauri, ɗinkin yana ɓacewa a ciki. Abin da ba za ka iya da wuri ba shi ne sara sauti da kan harshe a lokacin shaƙa, tunda harshen yana wani aikin. Ka tsara shaƙarka ta faɗo a inda sautuka ke bin juna a sulale.

Cewa zai yiwu a kayan tagulla, babu tababa. Clark Terry, ɗan Amurka mai busa turamfet a kiɗan jaz, ya shahara da shi. Wynton Marsalis kuma, shi ma mai turamfet ɗan Amurka, a faifan da ya fitar a 1987, ya busa wani kiɗa na Paganini, tsohon gwanin goge ɗan Italiya, mai suna Moto Perpetuo da ƙaramin ɗan'uwan turamfet da ake kira konet. Don gogen Turawa aka rubuta kiɗan, goge kuwa ba ya numfashi, saboda haka sautuka ne a jere da gudu na tsawon mintoci babu inda aka bar wa mai busa gurbi.

Akwai wasu abubuwa da ba a cika gaya wa ɗan koyo ba sai ya ci karo da su. Na farko, matsalarka za ta iya zama yawan iska. Abin da ke sa mutum ya ji yana son numfashi shi ne taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, ba ƙarancin mai kyau kaɗai ba. A abin busa mai ƙaramar kafa irin algaita ko obo ta Turawa, huhu yakan kasance cike da tsohuwar iska, mutum yana ta ƙara sabuwa a kai, ƙirji ya yi tam, ya ji kamar ana shaƙe shi. Sai ya koyi juya dabarar: yayin da baki ke matsawa, ya fitar da iska ta hanci maimakon ya ja, a zagaye na gaba ya shaƙa. A turamfet ma hakan na faruwa in ana busa a hankali na dogon lokaci. Na biyu, yawu. Ba ka da damar haɗiya yadda ka saba, ruwa kuma yana taruwa a cikin bututun har ka ji yana ɓurɓurniya. Na uku, kuma shi ya fi damuna game da kai, leɓe. Duk sanda mai turamfet ya ja numfashi ta baki, matsin ƙarfen yana ɗan sassauci, jini ya koma leɓe. In ka daina wannan hutun, leɓen zai gaji tun huhu bai san an yi aiki ba. In ka ji ya yi nauyi ko ya mutu, ka sauke ƙahon.

Game da kumatu, akwai gaskiya a maganar da ka ji. Naman kunci yana miƙewa in an shekara da shekaru ana kumbura shi da ƙarfi, kuma za ka ga alamar haka a fuskar wasu tsofaffin mabusa. Mutanen Girka na dā ma, masu busa wata algaita mai bututu biyu, sukan ɗaura madaurin fata ya zagaye kumatunsu. Ƙarfin iska yana iya tura ta cikin hanyar yawu, gaban kunne ya kumbura, in an taɓa a ji yana ƙas-ƙas. Duk wanda ya ga haka ya dakata ya ga likita. Kai da za ka dogara da harshe, kana riƙe da gefen baki, haɗarin miƙewar kunci gare ka kaɗan ne. In jiri ya ɗebe ka ko yatsunka suka fara tsira-tsira, ka shaƙa fiye da kima ne, ka zauna ka huta. Mai hawan jini, ko hawan jinin ido, ko ƙaba, ya nemi shawarar likita kafin ya shiga dogon busa mai ƙarfi. Kuma kada ka wahalar da kanka ranar da mura ta toshe maka hanci, ko ƙurar hunturu ta cika shi, don hancin shi ne duk jarin. Ta ɓangaren amfani kuwa, wani bincike da aka yi a Suwizalan aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2006 ya bi mutum 25 masu cutar yankewar numfashi cikin barci. Waɗanda suka yi wata 4 suna koyon dijiridu, dogon bututun 'yan asalin Ostireliya da gara ke rarake shi a jikin itacen turare, wanda da wannan numfashi ake busa shi, sun sami sauƙi.

Za ka ji labarin masu kafa tarihi. Kenny G, wani mabushi ɗan Amurka, ya riƙe sauti ɗaya a saksofon, wani abin busa na Turawa, na minti 45 da daƙiƙa 47 a 1997. Femi Kuti, ɗan Fela, ya kai minti 51 da daƙiƙa 35 a Legas a watan Mayu na 2017. Ina girmama juriyarsu, amma ba na so ka sa wannan a gabanka. Busa magana ce. Mai algaita a fada take yake yi, yana kirari, yana bin hawa da saukar kalmomin Hausa har wanda ya san taken ya ji sunan ubangidansa a ciki. Rashin yankewar sautin yana ba maganar kwarjini, ya cika fili a kan ƙarar ganguna da kofatan dawakai. Kakaki kuwa, wanda tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa ne ya shigo da shi cikin kayan sarauta a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, gajerun kalmomi yake furtawa, ya yi shiru, ya sake, kuma shirun yana cikin abin da ke sa tsikar jiki ta tashi. Turamfet ɗinka ta fi kusa da kakaki a jini. Yawancin kiɗan da za ka busa a fareti an rubuta shi da wuraren numfashi, kuma in ka toshe su duka don ka nuna ka iya, sai ka zama kamar mai karatun da ba ya tsayawa a aya. Ka yi amfani da dabarar a inda jimla ta fi ƙarfin huhu ɗaya, ko inda ake so ka riƙe dogon sauti a ƙarƙashin sauran 'yan badujala.

Wani abu yana ci min rai a wannan batu. A Mongoliya akwai wata sarewa da ake kira limbe, wadda ake raka dogayen waƙoƙinsu da ita da irin wannan numfashi. Masu iyawa sun ragu har hukumar UNESCO ta sa dabarar a 2011 cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceto na gaggawa. Mu kuwa ga malaman abin a raye a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram da Borno, yaranmu masu busa a makarantu da bariki suna neman darasin a bidiyon Turawa, ba wanda ya ce musu su je su gaida Sarkin Busa. Bidiyon yana da amfani, amma ba zai dafa kafaɗarka ya ce ka sauke ta ba.

Don haka ka nemi mai algaitar da ka gani, ko wani irinsa. A fadoji da dama ana busa a ƙofar fada ran Alhamis da dare, daren Juma'a ke nan. Ka je da goronka, ka durƙusa ka ce, "Baba, koyo na zo." In ya yarda ka zauna kusa da shi, kada kumatunsa su ɗauke maka hankali kamar wancan karon. Ka dubi kafofin hancinsa, za ka ga suna ɗan buɗewa lokaci-lokaci. Ka dubi ƙarƙashin haɓarsa, inda tushen harshe ke hawa yana sauka, da cikinsa da ke ɗan motsi a ƙarƙashin riga. Ka ƙirga a zuciyarka sau nawa ya shaƙa a minti ɗaya, in ka koma gida ka ɗauko kofinka da ƙwanson biro ka gwada kai wannan adadin.